A ware kuɗin tsara bakin tasha kafin jirgin Maraɗi ya iso

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tsohon ma'aikacin safiyo ne, na yi shekara talatin da ɗoriya ina jan tef da kafa turakun siminti a gonakin mutane kafin in ajiye aiki. Kuma a kwatas ɗin reluwe aka yanke mini cibiya, domin mahaifina, Allah ya jiƙansa, aikinsa ke nan ɗaga tuta da sauya wa jirgi layi. Don haka idan ana maganar jirgin ƙasa da fili, ta ko'ina maganar ta shafe ni.

Duk lokacin da kuka buga labarin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, tambaya ɗaya ake yi: yaushe za a gama? Kashi nawa aka ci? A majalisarmu ta bayan la'asar ma haka ne. An san layin kilomita 284 ne, an san zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, an san kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke aikin, kuma tun Fabrairun 2021 aka aza harsashinsa a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Ga kuma na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a Zawaciki cikin Yulin 2021. Amma ban taɓa jin wanda ya tambaya ba: ranar da fasinja ya sauko daga tarago a Kazaure ko a Daura, ya fito ƙofar tasha da jakarsa, me zai tarar a gabansa? Wa ke da gonakin da ke kewaye da tashar yau, kuma a hannun wa za su kasance ranar da jirgi ya fara busa?

Abin da ya sa na damu, na gani da idona. A ƙarshen 2024 na je Abuja duba 'yata da ta haihu. Lokacin ana hawa jirgin cikin gari kyauta, sai jikana babba ya matsa lallai sai na ɗana, tunda kullum ina cika musu kunne da labarin jirgin zamaninmu. Muka hau. Gaskiya tarago tsaf, ga sanyi, ga kujeru, ba hayaniya. Sai da muka sauka a wata tasha dab da magariba na ga inda gizo ke saƙa. Ginin tasha babba, fitilu tar, amma da ka taka waje sai ciyawa da jar ƙasa. Ba mai shayi, ba mai ƙosai, ba ko mai sayar da ruwan leda. Na duba inda zan yi alwala in yi salla cikin jama'a, ban ga jama'ar ba. Ɗan acaɓa ɗaya ne jingine da babur ɗinsa, ya dube ni da farin gemuna ya faɗi kuɗin da ya ga dama, don ya san ba ni da wani zaɓi. Na biya. A hanya yaron nan ya ce mini, "Kaka, ai shi ya sa Baba ba ya hawa. Kafin ya zo nan daga gida ya biya kuɗin mota biyu, gara ya wuce ofis kai tsaye." Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya gama bayanin da manya suka kasa yi.

Wannan jirgi an kashe masa dala miliyan 823, mafi yawa bashi daga bankin ƙasar Sin. An gina masa tashoshi 12, an buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai sake motsi ba sai 29 ga Mayun 2024. Kuma kafin a sake buɗe shi sai da hukumomin Abuja da kansu suka ba da kwangilar titunan da za su kai mutum tashoshin, wanda ke nuna tun farko an yi tashar ba a yi hanyar zuwa gare ta ba. Na yaba da aka gyara wannan. Sai dai titi kaɗai ba ya kawo fasinja. Abin da ke cika jirgi shi ne mutumin da zai fito daga gidansa da ƙafa, minti goma ya iso tasha, ya sauka a wata tashar ya taka minti goma ya isa shagonsa ko ofishinsa. In babu gidaje da shaguna a bakin tasha, jirgi zai yi ta kai iska yana dawo da iska, bashi kuwa ba ya jira.

Ba sabon ilimi ba ne. Jirgi ya iso Kano a 1911, ba a rufa shekara biyu ba cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni suka jera kantuna da rumbuna a gefen layi, Sabon Gari ta tsiro, daga baya dalar gyaɗa ta tashi. Kafancan mahaɗar layi ce ta mayar da ita gari. Malam Madori a hanyar Nguru tasha ce ta raya ta. Kaura Namoda, inda layi ya ƙare a 1929, haka. Ina yaro, in jirgin Legas ya kusa shigowa, tun kafin ka ji ƙararsa za ka gane, saboda bakin tasha ya cika: masu rake, masu dafaffen ƙwai, Fulani da ƙoren fura, 'yan dako sun naɗe gammo, masu amalanke sun yi layi. Mahaifiyata da kuɗin ƙosan da take aika mu sayarwa a bakin taga ta yi wa yayata kayan ɗaki. Turawa ba don Allah suka tsara wuraren nan ba, don gyaɗa da auduga suka yi, kuma sun ware wa kansu unguwa mai iska sun tura mu gefe. Amma dai kafin su sa ƙarfe a ƙasa sun san inda rumbu zai zauna, inda kanti zai zauna, inda ma'aikaci zai kwana. Mu da ƙasar take tamu, sai mu yi ƙasa da haka?

Bari in gaya maka abin da ke faruwa idan aka bar wuri ba tsari, don wannan aikina ne, ba labari aka ba ni ba. Shekarun baya aka tura mu awon wani sabon titi a wani ƙauye da ke bakin gari. Ranar farko da muka kafa na'urarmu muka fara buga turaku, na lura da wasu mutum biyu cikin mota a gindin wata ɗorawa, ba su ce mana komai ba, kallo kawai. Kafin mu gama awon, gonakin da ke hagu da dama sun sauya hannu. Wani dattijo ya sayar da tasa a kan abin da a ganinsa kuɗi ne mai yawa, ya aurar da 'ya, ya sayi babur. Masu sayen suka kira ɗan awon igiya, aka yayyanka gonar ƙanana ƙanana, ba a bar filin makaranta ba, ba a bar na masallaci ba, ba hanyar ruwa. Lungu kuwa an matse shi don a ƙara fuloti ɗaya. Bayan shekara takwas na koma unguwar ta'aziyya. Da aka fito da gawa, makara ta kasa shan kwana a lungun, sai da aka ɗaga ta sama da kai aka karkata. Damina kuwa ruwa har cikin ɗakuna. Daga baya aka zo da jan fenti aka shafa wa gidajen da suka shiga hanya, aka yi rusau, aka biya diyya ga waɗanda ke da takarda, marasa takarda suka tafi da hawaye. Dattijon nan na same shi yana gadi a wani gidan mai da aka gina a kan tsohuwar gonarsa. Ya gane ni, ya ce, "Malam mai awo, da ka gaya mini." Ban sami abin ce masa ba, don ni ma a lokacin turaku aka ce in kafa, ba a ce in yi magana ba.

Titi ne fa wannan. Tashar jirgi ta fi titi jan mutane nesa ba kusa ba. Wanda ya san Rigasa, unguwar da tashar Kaduna take, kafin a buɗe jirgin Abuja zuwa Kaduna a 2016, ya kuma je yau, ba sai an yi masa bayani ba.

To me nake nema? Ɗan ƙanena da ke aikin injiniya a jihar Virginia ta Amurka ne ya fara ba ni labarin wani tsari da suke da shi, na kuma sa ya turo mini takardun na karanta da tabarau. Tun 2012 dokar sufurinsu ta ƙirƙiro wani asusu a ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da sufurin jama'a, wanda ake ba birane tallafi daga ciki. Kuɗin ba na gina layi ba ne, ba na sayen tarago ba ne. Na zama ne a tsara unguwar da ke kewaye da tashar da za a yi: ina gidaje za su kasance, hawa nawa za a yarda a gina, ta ina mai tafiya a ƙasa da mai keke za su bi, me za a gyara a dokar gini, yaya za a yi mai ƙaramin ƙarfi ya sami wurin zama kada hayar gida ta kore shi. Gari ne ke rubuta buƙata ya yi takara da sauran garuruwa. Galibi tarayya ta ba da kashi 80, gari ya kawo kashi 20. Sharaɗin da ya fi burge ni shi ne, dole hukumar da ke gina layin da hukumar da ke da iko da fili su shigo tare, ɗaya ba ta karɓa ita kaɗai. Dokar ayyukan raya ƙasa ta 2021 ta ware wa asusun kusan dala miliyan 69 na shekara biyar. A ƙasar da ake kashe biliyoyi kan layi ɗaya, wannan kuɗin goro ne. Amma shi ke sa biliyoyin su yi amfani.

Shi ɗan ƙanen nawa a yankin Arlington yake, tsallaken kogi daga Washington. Ya ce lokacin da za a kawo musu jirgin ƙarƙashin ƙasa, an so a bi da shi ta tsakiyar babbar hanyar mota don ya fi arha, sai hukumar yankin ta dage a bi da shi ta ƙarƙashin tsohon titin kasuwancinsu da ya fara mutuwa. Aka yi tashoshi biyar kusa da juna daga Rosslyn zuwa Ballston, aka buɗe layin a 1979, aka yarda a yi dogayen gine-gine dab da kowace tasha, ana nisa ana rage tsawo, har a isa unguwannin da aka bar su yadda suke. Yau shi ba ya tuƙa mota zuwa aiki. Ya kuma faɗa mini gaskiya cewa haya a wurin ta yi tsadar da malamin makaranta ba ya iya kamawa, shi ya sa yanzu suke ta fafutukar gidaje masu sauƙi. Wannan ma darasi ne, kuma gara mu koya daga kuskuren wani.

Na san abin da wasu za su ce, don abokina ɗaya a majalisa ya riga ya faɗa: "Kai dai so kake a buɗe wa 'yan kwangilar takarda sabuwar ƙofar ci." Yana da gaskiya rabi. Na ga taswirori masu kyau da aka biya kuɗi mai yawa aka zana, suka ƙare a cikin durowa gara ta cinye. Kano ta taɓa samun tsarin shekara ashirin na masanin tsara birane Trevallion, daga 1963 zuwa 1983, Abuja na da babban tsarinta tun 1979, kowa kuma ya ga yadda aka yi ta yanka filayen da aka ware. Amma rashin bin taswira ba ya nufin a daina zanawa. Unguwannin Kano da aka yi wa awon gwamnati, duk da cin iyaka da aka yi musu, har gobe motar kashe gobara na shiga. Na awon igiya fa? Maganin taswirar durowa shi ne kada a biya kuɗin a dunƙule. A biya kashi na farko idan an yi awo an rubuta sunan kowane mai gona. A biya na biyu idan an zauna da jama'a a ƙofar hakimi, da Hausa, an liƙa taswirar a bango kowa ya ga inda gonarsa ta faɗa. Na ƙarshe kuwa sai an kafa turaku a ƙasa, gwamna ya sa hannu, ta zama doka. Wanda bai kai wannan mataki ba kada ya ga ragowar.

Lissafin ma ba wuya. Idan aka cire ɗaya cikin dubu na dala biliyan 2, an sami dala miliyan 2. Ban ce ya isa komai da komai ba, amma a matsayina na wanda ya san abin da awo ke ci, zai yi nisa ƙwarai wajen auna da tsara kewayen manyan tashoshin wannan layi. Kuma ba sai an ɗauko Bature ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero duk suna da sashen tsara birane, suna yaye yara kowace shekara, da yawansu na zaune a gida ko suna sayar da data. A haɗa su da tsofaffin hannu irinmu da muka san ƙasar, a ba su aiki.

Wa za a ba kuɗin? Nan ne ake buƙatar hattara. Wannan layin dogo na gwamnatin tarayya ne. Fili kuwa, bisa dokar filaye ta 1978, yana hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuma na da ta cewa a filayen karkara. Wato mai jirgi daban, mai ƙasa daban, kuma sau da yawa ba sa ko gaisawa. Shi ya sa sharaɗin nan na Amurkawa ya dace da mu: kada a saki sisi sai hukumar jiragen ƙasa da hukumar tsara birane ta jiha da ƙaramar hukumar da tashar ke cikinta sun sa hannu a takarda ɗaya. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shugaban ƙaramar hukuma ba shi da hujjar cewa ba zai iya kawo nasa kason ba. Wanda ya sa kuɗinsa a abu ya fi kula da shi.

Abin da za a tsara kuwa, ni ba dogayen benaye nake mafarki ba. Daura ba Washington ba ce. A ɗauki tazarar mita 800 daga ƙofar tasha ta kowace fuska, iyakar abin da mutum zai taka cikin minti goma, a ce wannan da'irar ba a yanka ko taku ɗaya sai bisa taswira. A fara da hanyar ruwa, don ita ce ba a iya gyarawa daga baya sai da rusau. A fitar da tituna masu faɗi da gefen masu tafiya a ƙasa, a dasa darbejiya tun yanzu don ta yi inuwa kafin jirgi ya zo. A ware wa 'yan adaidaita sahu da motocin haya wurin tsayawa na kansu, da rumfa, in ba haka ba za su tsaya a bakin ƙofa, kuma ba laifinsu ba ne. A yi masallaci da makewayi na maza da na mata. Wannan na makewayi kada a raina shi. Duk macen da ta taɓa doguwar tafiya da yara ta san abin da nake nufi. A yi rumfunan kasuwa ƙanana masu arhar haya, a rubuta a doka cewa kaso kaza na masu abinci da masu shayi da masu ƙananan sana'a ne na garin, kada a wayi gari duk shagunan na mutum uku ne. Tashoshin da za su yi lodin kaya, kamar wajen Jibiya da ke bakin iyaka, ko kusa da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, a ware filin rumbuna da na manyan motoci nesa da gidajen kwana. Hatsin Dawanau da dabbobin da ke shigowa daga Nijar ba a kan titin unguwa za a sauke su ba. 'Yan uwanmu na Maraɗi ma, inda layin zai tsaya, wannan magana ta shafe su, don ƙarshen layi ya fi ko'ina tara jama'a.

Sai babbar magana, ta masu gona. Diyyar kuɗi kaɗai zalunci ce mai sanye da riga. Ka ba manomi kuɗin gona a farashin jiya, gobe filin ya ninka sau da yawa saboda jirgin da aka gina da bashin da shi ma zai biya, ribar ta tafi aljihun wanda ya ji labari da wuri. Abin da ya kamata, idan aka yanka gonar mutum, a mayar masa da wani kaso na fulotan da takardarsu a hannunsa, gwamnati ta riƙe wani kaso don tituna da makaranta, ta kuma riƙe wasu ta bayar haya, kuɗin ya riƙa shiga gyaran tashar. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, an sha ba masu gona fulotai idan gwamnati ta yi awo. Abin da ya rage a rubuta shi a fili tun kafin dillalai su riga kowa. A Hong Kong kamfanin jirginsu da irin wannan yake rayuwa: ana ba shi damar gina filin da ke kan tasha da kewayenta, ribar gidaje da kantuna ta taimaka wajen riƙe jirgin. Mu ba za mu kai can ba yanzu, amma ko kuɗin share tasha da biyan wutar lantarki aka samu daga hayar rumfuna, an rage wa gwamnati kuka.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Ginin ana cikinsa, ƙarfe na ta shimfiɗuwa, kuma ina da tabbacin mutanen nan masu zama cikin mota a gindin ɗorawa sun riga sun san inda kowace tasha za ta zauna. Ina kira ga 'yan majalisarmu na tarayya daga Kano da Jigawa da Katsina su sa wannan tallafi a kasafin kuɗi mai zuwa, da sunansa da adadinsa. Kafin nan, gwamnonin jihohin uku na da ikon dakatar da yanka filaye da ba da takardun mallaka a kewayen tashoshin har a gama tsari, wannan ba ya buƙatar ko kwabo.

Kai kuma Edita, ga roƙona gare ka. Ka tura wakilinka Dambatta da Kazaure da Daura, kada ya tsaya wurin injiniyoyi, ya je wurin dagatai da masu unguwanni ya tambaye su gonaki nawa aka sayar kusa da tasha cikin shekara uku da suka wuce, nawa aka saya, kuma mutanen ina ne suka saya. In yana son ɗan rakiya, har yanzu tef ɗina na nan a cikin akwati, kuma ƙafata ba ta gaza ba tukuna.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Tsohon ma'aikacin safiyo,
Kano.